Shirun Malam Bayan Sallar Asuba

Duk wanda ya je duba mu a asibiti a Dutse ya koma gida da labari guda, wai ni ce matar da ko minti biyar ba ta ɓata ba da ciwo ya kama mijinta. An sa mini albarka har kunnuwana suka yi zafi. To, yau zan gyara labarin, don kada wata ta yi irin wautar da na yi. Sama da awa biyu na yi a kan Malam ina zazzaga masa masifa, alhali ɓarin jikinsa yana shanyewa a gaban idona.

Mu a Aujara muke. Malam tsohon malamin gona ne, da ya yi ritaya ya koma noman riɗi da gero, kuma shekararmu talatin da ɗaya tare. Yana da halaye biyu da sai an san su za a gane yadda aka yi na yi wannan aika-aika. Na farko, in ya dawo daga masallaci da asuba sai ya shige ɗakinsa, ya zauna a kan buzu, ya jingina da bango ya kama lazimi, ba ya yi wa kowa magana sai rana ta ɗaga. An taɓa yin ranar da akuya ta shiga ta cinye rabin takardunsa na aikin gona yana kallo, hannu kawai ya kaɗa mata. Ni dai aikina in ajiye koko a bakin ƙofa, shi kuma ya yi gyaran murya, alamar ya gani.

Na biyu, Malam ba ya faɗa in ya yi fushi. Shiru yake yi, ya karkace baki gefe guda kamar wanda ya tauna maɗaci, ya bi ka da ido. Ya taɓa yin kwana huɗu a haka a kan an wanke masa hula da ruwan zafi.

Yana da hawan jini, an daɗe da gaya masa. Amma maganin sai ranar da ya ji kansa na sarawa yake sha, wai shi ba zai mayar da cikinsa kemis ba. Autarmu Sadiya, da ke karatu a Kafin Hausa, ta dame ni a waya kan in rage masa gishiri da ɗanɗano a miya. Na rage. A ranar da na fara, bayan magariba, ya kai lomar tuwo bakinsa ya tsaya.

"Wannan miyar kuka ce ko ruwan wanke hannu?"

Na ce, "Malam, lafiyarka ake nema."

Ya ce lafiyarsa tana hannun Allah, ba a hannun ludayina ba. Na ba shi amsa, ya ba ni, na ƙara masa. Daga ƙarshe ya ture kwanon ya ce, "Ba za ki sake jin muryata a gidan nan ba sai an gyara miyar nan." Na ce ai kunnena ma zai huta.

Washegari ya tafi masallaci da ƙafarsa. Ina madafa na ji dawowarsa, takalmi ɗaya yana jan ƙasa, na ce a raina har tafiyar ma ta fushi ce. Na dama koko na ajiye a bakin ƙofa. Babu gyaran murya. Na leƙa, na gan shi a kan buzu ya ɗan kwanta ta ɓangaren dama, baki a karkace, carbi a ƙasa, ya zuba mini ido. Na ce, to, an fara ke nan.

Ban ce komai ba da farko, saboda lokacin lazimi ne kuma ni mai girmama ibada ce. Na jira har rana ta hau katanga. Da na ga kokon ya yi sanyi har ya yi fata ba a taɓa shi ba, sai zuciya ta ɗebe ni. Na shiga, na riƙe ƙugu, na fara.

Wallahi ban bar komai ba. Na fara da gishiri, na gangara zuwa ƙwayoyin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, na wuce zuwa keken ɗinkina da ya ara wa 'yar'uwarsa tun Sadiya tana goye bai dawo ba har yau. Na tono zancen ranar da na haihu ya tafi duba gonar wani. A shekara talatin da ɗaya ban taɓa samun fili irin na ranar ba, mutum ya zauna yana saurare ba ya katse ni, ba ya tashi ya fita. Na ga yawu yana bin gefen bakinsa, na ce, "Au, har yawun ma ba za ka goge ba, don a shigo a ce ba na kula da kai?" Na ga hawaye a idonsa, na ce a raina yau dai magana ta shiga. Ya buɗe baki da ƙyar ya ce, "To... to."

Na ce, "To me? Ai na ɗauka ba zan ji muryar ba."

Har fita na yi na share tsakar gida, na watsa wa kaji tsaba, na tuno wani laifin na dawo na ɗora daga inda na tsaya. Ina rubuta wannan ina jin kunya har cikin ƙashina.

Adama ce ta cece mu, Bafillatanar da ke kawo mini nono da hantsi. Ta yi sallama ta sauke ƙwarya, ta ji ni ina ta yi, ta leƙo ta ƙofar. Ta daɗe tana kallon Malam, sannan ta ce, "Hajiya, ɗaga masa hannun can na dama ki sake."

Na ce, "Rabu da shi, Adama, fushi yake."

"Ke dai ɗaga."

Na ɗaga na saki. Hannun ya faɗo kamar jiƙaƙƙen tsumma. Adama ta ce, "Wannan ba fushi ba ne. Haka ya kama baffana a ruga, da safe, yana shirin tatsa." Sai a lokacin na kurma ihu.

Daga nan gida ya cika. Maƙwabta suka shigo, wannan ya yi tofi, wancan ya kawo rubutu. Aka ɗura masa a baki ya sarƙe, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, aka ce ai abin ne ke fita. Mai kemis na bakin titi ya zo ya ɗaura masa abin awon jini a hannu, ya duba, ya kwance ya mayar a jaka, ya ce shi babu ruwansa, mu tafi Dutse yanzu. Kafin Sale, ƙanen Malam, ya samo mota, kafin a gama gardamar ko a kwantar da shi ko a zaunar da shi, rana ta yi tsaka. Muna shiga asibiti ana kiran azahar.

An karɓe mu, ba zan ci amanarsu ba. Sale yana can yana layin kati, ma'aikatan kuwa suka tura Malam ciki ba su jira ba. Likitar yarinya ce mai gilashi, ba za ta fi babbar 'yata ba. Ta duba idonsa, ta ɗaga masa hannu da ƙafa, ta juyo ta ce, "Mama, ƙarfe nawa abin ya same shi?"

Sale ya dawo yana tsaye a bayana, ga maƙwabta biyu da suka rako mu. Na kalle su, na kalli Malam. Sai na ji bakina yana cewa, "Yanzu-yanzun nan, likita. Ina ajiye koko na ga ya karkace, sai na yi ihu."

Malam ya juyo da idonsa ya ɗora a kaina. Duk abin da ake faɗa yana ji, bakin ne kawai ya ƙi.

Kafin la'asar Sale ya ƙawata labarin a waya, ya ce ko mayafi ban tsaya ɗauka ba. Washegari Yaya Habi ta iso daga Ringim. Ita ce babbar yayar Malam, ita ta goye shi, kuma a shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa cin tuwona ba ta ce ya yi. Tana shigowa ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Rakiya, ashe ke 'yar halak ce. Da wata ce da sai gawa za mu tarar." Ni ma na yi kuka, amma nawa kukan dalilinsa daban.

Tun daga ranar na shiga tsaka mai wuya. Ina roƙon Allah ya buɗe bakin Malam, ina kuma tsoron abin da bakin zai fara faɗa.

A kwana na biyu aka yi masa hoton ƙwaƙwalwa, bayan mun wuni muna jiran wuta ta daidaita. Da sakamakon ya fito likita ta kira ni gefe ni kaɗai. Ta ce, "Mama, zauna. Jiya lissafinki bai fita ba. Ƙarfe nawa kike dama koko?"

Na ce lokacin da aka fito daga masallaci.

"Ƙarfe nawa kuka baro Aujara?"

Na ce bayan mai nono ta zo da kaɗan.

"Mai nono ƙarfe nawa take zuwa?"

Na ce da hantsi mana, in inuwar katanga ta kai bakin randa.

Ta ajiye biro. Ta ce ita a makaranta ba a koya mata agogon randa ba, amma ko a Dutse ne ko a Aujara, tsakanin asuba da hantsi ba minti biyar ba ne. Na ga babu mafita, na kwashe komai na gaya mata, har da ƙugun da na riƙe. Ta cire gilashi ta rufe fuska da hannu, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago sai na ga dariyar ta tafi.

Ta ce shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda jijiya ke fashewa a cikin kai, akwai wadda gudan jini ke toshe jijiyar, wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Ta Malam toshewa ce. Sannan ta faɗi maganar da ta zauna mini a kai har yau: "Ciwon nan ɗan sammako ne, Mama." Ta ce yana iya zuwa kowane lokaci, amma ya fi son safiya, daga tashin mutum daga barci zuwa kafin azahar. A lokacin ne jini ke hawa don jiki ya farka, ga shi mutum ya kwana bai sha ruwa ba, jinin ya fi saurin daskarewa. Wani ma da shi yake farkawa. In an haɗa da hawan jinin da ba a shan maganinsa kullum, to an share masa hanya.

Ta ce, "Shi ya sa ba mu damu da sanda kuka gani ba. Abin da muke so mu sani shi ne yaushe ne na ƙarshe da aka gan shi lafiya lau. Akwai abin da ake iya yi a awannin farko wanda in an wuce su ba a yi, kuma in aka ba mu lokacin ƙarya za mu iya cutar da mara lafiya muna zaton taimako muke."

Na ce, "Likita, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da na kawo shi tun da na ajiye kokon, da bai kai haka ba?"

Ta mayar da gilashinta. Ta ce, "Ba zan ce miki da komai ya dawo ba, don ban sani ba, kuma ba kowane magani muke da shi a nan ba. Amma ba zan ce miki babu bambanci ba." Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba, duk da a ranar na so ta yi. Ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Bayan wannan na zama 'yar bincike a ɗakin maza. Duk mai jinyar da muka haɗu a bakin famfo sai na tambaye ta nata yaushe ya same shi. Wata daga Kiyawa ta ce nata mijin a wajen alwalar asuba ya faɗi, buta a hannu. Wani mai shayi ne, yana hura gawayi da sassafe. Wani tsoho matarsa ta yi ta tashinsa sallah tana cewa ya cika nauyin barci, ashe ya farka tuni, tashin ne ya gagara. Da na ji wannan sai na ji kamar na samu 'yar'uwa, na ba ta rabin ƙosaina. Akwai dai wani da ya same shi da la'asar a kasuwa, don kada a ce na ce duka.

Mako na biyu shi ne makon masu ba da shawara. Yaya Habi ta ce ita tun da ta ji an ce da asuba ne ta gane, iskar tsamiyar nan ce ta hanyar masallaci, ta daɗe tana cewa a sare ta. Na ce mata likita ta ce jini ne ke hawa da safe. Ta ce to su wa ke hawar da shi? Wani ya kawo kitsen damo a kwalba, wani man shanu da tafarnuwa, wani ya ce a yi masa ƙaho a ƙeya. Wata nas mai zafin kai ta kama mu muna shafa masa tafarnuwar, ta wanke mu tas a gaban jama'a, ta ce ɗakin ya koma kamar rumfar mai tsire. Na ji haushinta kwana biyu. Amma ita ce dai ta koya mini yadda zan juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da yadda zan ba shi kunu da cokali kaɗan-kaɗan yana zaune kada ya sarƙe. Allah ya saka mata, ya kuma sassauta mata harshe.

'Yan dubiya kuwa ba a magana. Su zo da lemo da ayaba, su zauna a gefen gado suna jajantawa, kafin su tashi sun cinye rabi. Riɗin da Malam ya ɓoye yana jiran ya yi tsada duk ya tafi a magani da hoto, awakina biyu suka bi bayansa.

Shi kuwa Malam kalma ɗaya tak ta rage masa, "to". Mutumin da ban taɓa kawo shawara ya amince a karon farko ba, sai ga shi komai aka ce "to". Dangi suka gano haka da wuri. Sale ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Yaya, babur ɗin nan kada ya lalace a ajiye, in riƙa ɗan zagayawa da shi?" Malam ya zaro ido, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "To." Yaya Habi ta ce ko ta tafi da buhun gero ɗaya don ta yi masa sadaka a Ringim? Ya runtse ido ya ce, "To." Ni na san wannan "to" ɗin zagi ce, amma ba ni da bakin magana, tunda ni ma a tsorace nake da mai ita.

Abin da ya fi ba ni mamaki, limamin unguwarmu ya zo dubiya ya ɗaga hannu ya fara Fatiha, sai Malam ya bi shi tiryan-tiryan har ƙarshe, ko harafi bai faɗi ba. Aka yi ta kabbara. Na ce a raina shi ke nan, yau asirina ya tonu. Ana shafawa Yaya Habi, mai kiransa da sunansa, ta ce, "Isa, yi magana, me kake so?" Ya yi ta kokawa da bakinsa yana nuna kofin ruwa, daga ƙarshe ya ce, "To." Likita ta ce haka abin yake, abin da baki ya saba da shi tun yarinta yakan tsaya ko da sauran sun gudu. Na ji tausayinsa ƙwarai. Na kuma ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini.

A mako na huɗu aka sallame mu, da sharaɗin shan magani kullum ba fashi, da zuwa ɗakin gashi a Dutse sau biyu a mako. Mu fito da sassafe, a naɗe ƙafar Malam a gidan gaba na mota, mu je mu tarar da layi. A can ake miƙe masa hannu, a sa shi taka ƙafa tsakanin ƙarafuna biyu, a ba shi ƙwallo ya matsa. A gida kuma Sadiya ta zana mana hotuna a kwali, kofi da buta da akuya, in nuna masa ya faɗi sunan.

Kalmomin suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. "Ruwa" ce ta fara zuwa. Sai "Sadiya". Ranar da ya ce "a'a" a karon farko, kafin magariba Sale ya dawo da babur, a wanke, har da mai a ciki.

Adama ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ko da ido. Amma ni da kaina na ɗora wa kaina sayen nononta duka kullum, ƙwarya guda, don kada ta zagaya gidajen unguwa ta daɗe tana hira. Gidanmu ya koma warin kindirmo, har kaji sai da suka ƙoshi da shi.

Ga abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. In da safe kika ga mutuminki ya yi shirun da ya wuce na kullum, kada ki tsaya fassara. Ki sa shi ya yi magana, ki sa shi ya ɗaga hannu biyu, ki dubi bakinsa. In magana ta ƙi, ko hannu ya faɗi, ko baki ya karkace, ki dubi agogo na gaskiya ki riƙe lokacin, kada ki ɗura masa komai a baki, ki nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya. In an je kuma a faɗa wa likita gaskiya, ko da dangin miji duka suna tsaye a bayanki.

Yanzu wata na huɗu ke nan. Malam yana takawa da sanda, ƙafar tana ɗan ja. Magana ta dawo a gutsure, sai ya huta tsakanin kalma da kalma. Hannun dama ne bai dawo ba. Ni nake ɓalla masa maɓallin riga kullum, kuma babu ranar da zan kama wannan hannun ban tuna da amsar likita ba.

Makon jiya Yaya Habi ta zo, ta ce za a yi waina a raba sadakar godiya. Muna zaune a tsakar gida, ga Sale ga Sadiya, sai ta ce, "Isa, tunda baki ya buɗe, ba mu labari da kanka. Yaya aka yi ranar? Ka gaya wa yaran nan irin ƙoƙarin da Rakiya ta yi, su koya."

Na sunkuyar da kai. Malam ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Gobe."

Washegari da ya idar da sallar asuba, a zaune yake yin ta yanzu a ɗaki, ban ajiye kokon a bakin ƙofa ba. Na shiga da shi har ciki, na durƙusa a gabansa, na karya dokar shekara talatin da ɗaya.

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri da katse maka lazimi. In za ka faɗa wa Yaya ka faɗa, na cancanta."

Ya girgiza kai. "Ke... ki faɗa. Bakina... bai kai... na Yaya ba."

Na ce na ji, zan faɗa, har rubutawa zan yi. Sannan na kama hannun nan na dama na ɗora a cinyata, na ce, "Wannan fa? Ni na tsaya ina surutu har ya tafi. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana motsa baki har na ɗauka maganar ce ta sake ƙwacewa. Ina ganin yadda yake nemo kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar... na ji tsoro. Jiki babu. Baki babu. Na ce... mutuwa ce." Ya huta. "Sai na ji ki. Na ce a'a... a kabari... ba a wannan faɗan."

Dariya ta kubce mini tare da kuka, na rasa wanne zan tare. Shi bai yi dariya ba. Ya miƙo hannun hagu ya riƙe bakin zanena.

"In kin yi shiru... tsoron ya dawo. Har yanzu... da safe." Ya ja numfashi. "Zauna. Ki yi ta... magana."

Na gyara zama a gefen buzun, na buɗe baki. A karon farko a rayuwata na rasa abin faɗa, sai na fara ba shi labarin kaji.